Yadda Ake Mayar da Tsofaffin Hotuna, Nagatif da Silaid Cikin Kwamfuta a Legas

Tambayar nan ba ta yankewa, daga Agege, Idi-Araba, Mile 12 har Obalende, kuma kusan labarin ɗaya ne. An buɗe adakar Hajiya ko akwatin marigayi Alhaji, an tarar hotunan aure, na suna da na dawowa daga Makka sun fara mannewa da juna, wasu sun rine sun koma ja, ga kuma yanka-yankan fim a tsofaffin ambulan na situdiyo. Ya za a yi a mayar da su cikin kwamfuta da waya kafin su ƙarasa lalacewa?

A Legas jinkiri ba ya yi wa hoto daɗi. Danshin garin, musamman daga Afrilu zuwa Oktoba, shi ke kawo funfuna, kuma hoton da zai daɗe lafiya a busasshiyar iskar Kano ko Sakkwato, a nan damina kaɗan ta ishe shi. Mafita ita ce a kai wa masu sikanin, wato masu ɗaukar hoto da na'ura su mayar da shi fayil na kwamfuta. Sai dai kyan aikin ko ɓacinsa ana yanke shi ne tun kayan ba su bar gida ba, shi ya sa babban kaso na wannan jagora a kan shiri yake.

1. Tattarawa da rarrabewa

Ku share tebur, ku shimfiɗa farin ƙyalle mai tsabta, ku kashe fanka. A wanke hannu a bar shi ya bushe sarai, ba mai, ba turare. In da hali a sa safar hannu ta roba marar hoda irin ta asibiti, musamman wajen taɓa fim. Kayan da za ku tanada ba su da yawa: ambulan na takarda, fensir mai laushi, 'yar robar hura iska irin ta masu gyaran kyamara, buroshi mai laushi, littafin rubutu, da kwali mai ƙwari.

Ku kasa kayan gida uku. Na farko hotunan kati, wato waɗanda aka wanke a takarda. Na biyu nagatif. Mai launin ruwan lemo na hoto mai kala ne, mai toka-toka kuwa na baƙi da fari. Wanda ke da 'yan huji a gefe biyu shi ne 35mm, an saba yanka shi hoto huɗu-huɗu ko shida-shida. Mai faɗi, kusan santimita 6, marar huji, shi ake kira 120, kuma shi tsofaffin situdiyo suka fi amfani da shi. Akwai ɗan siriri na ƙananan kyamarori da ake kira 110. Na uku silaid: fim ne da hoton ke fitowa da ainihin launinsa in an ɗaga shi a haske, an sa shi a ɗan firam na kwali ko roba mai santimita 5 ta kowane gefe, ana haska shi a bango da majigi.

Gargaɗi: kada a raba nagatif da ambulan ɗinsa, domin sau da yawa nan ne kaɗai sunan situdiyo da kwanan wata suke. Kada a yanka fim ɗaya-ɗaya don a ware wanda ake so, na'urar tana buƙatar zirin a haɗe. Robar ɗaure kuɗi, ƙusar takarda da salatif duk a cire su daga lissafi. Roba tana narkewa a zafin Legas ta manne a fuskar hoto.

2. Duba lafiyarsu

Nan ne ake yawan yin ɓarnar da ba ta gyaruwa, kuma da kyakkyawar niyya ake yinta.

Funfuna tana fitowa kamar farin gari ko siraran jijiyoyi masu reshe a kan hoto da fim. Kada a goge ta da ruwa ko jiƙaƙƙen tsumma. Fuskar hoto da wani danƙo mai suna jelatin aka yi ta, inda funfuna ta ci kuwa ruwa na taɓa shi yake narkewa, sai fuskar mutum ta biyo tsumman. A fitar da su waje a inuwa, a sa takunkumi, a bar su su sha iska, a hure da robar iska, a kakkaɓe a hankali da buroshi. Daga nan a sa su ambulan nasu daban a rubuta "funfuna" a kai don kada su shafa wa lafiyayyu.

Hotunan da suka manne da juna kada a ɓamɓare su da ƙarfi. A kai su a haka, a nuna wa mai aikin. Wanda ya manne da gilashin firam shi ma a bar shi, ana iya ɗaukarsa ta cikin gilashin. Albam mai danƙo da ake rufe shafinsa da leda, wanda aka yi yayi a shekarun 1970 da 1980, yana riƙe hoto gam. Ana iya zura zaren sakace marar ƙamshi ta ƙarƙashin kusurwa a ja shi a hankali hagu da dama. In ya ƙi, a haƙura a ɗauki shafin gaba ɗaya, daga baya a yanka kowane hoto a kwamfuta.

A sansana ambulan ɗin fim. In ya bugo da warin binega, fim ɗin ya fara ruɓewa, zai lanƙwashe ya tsuke, kuma tururinsa yana hanzarta lalacewar na kusa da shi. A ware shi, kuma shi za a fara kai wa. In fim ɗin tsoho ne sosai, na kafin farkon shekarun 1950, a duba rubutun gefensa. Mai ɗauke da NITRATE yana kama wuta cikin sauƙi, a nisanta shi da zafi da janareta, a kuma gaya wa mai aikin tun kafin ya taɓa. Mai ɗauke da SAFETY ba shi da wannan haɗarin.

In ambaliya ce ta shiga gida hotuna suka jiƙe, kada a bari su bushe a cure. A raba su tun suna jiƙe cikin ruwa mai tsabta mai sanyi, a shanya su ɗaya-ɗaya a inuwa fuska sama. Funfuna tana iya kamawa cikin kwana biyu.

Gargaɗi: kada a yi wa tsohon hoto laminatin don a kare shi. Zafin injin da danƙon ledar suna shiga jikin hoton, ba a kuma iya cirewa.

3. Wanne za a ɗauka, kati ko nagatif?

In hoto ɗaya yana da kati yana da nagatif, kuma nagatif ɗin lafiyarsa ƙalau, shi za a ɗauka. Daga shi aka wanke katin, ya fi shi riƙe ƙananan abubuwa, kuma injin wanki yakan datse gefe-gefe, har a rasa wanda ya tsaya a ƙarshen sahu. Ban da haka, katin ya sha rana da hannun jama'a, nagatif kuwa yana kwance cikin duhu. Ana komawa ga kati ne in nagatif ya ƙarje, ko funfuna ta ci shi, ko kuma akwai rubutu da hatimin situdiyo a jikin katin.

Sannan a rage kaya. Hoto uku iri ɗaya, wanda ya girgiza, wanda yatsa ya rufe, ba sai an biya musu ba. Amma shawararmu kada a yi saurin watsar da hoto don kawai ba a san mutanen ciki ba, ko don ba kowa sai titi da shaguna. Hoton zangon Agege ko na filin Idi na Obalende shekaru hamsin baya, ko ba fuskar ɗan gida a ciki, abin adanawa ne.

4. Ƙirga, lamba da sunaye

A zuba hotuna ashirin da biyar ko hamsin a kowane ambulan, a ba shi lamba: A1, A2 na kati, B1 na nagatif, C1 na silaid. A littafi a rubuta lambar, adadin abin da ke ciki, da taƙaitaccen bayani. Nagatif a ƙirga ziri nawa ne da hoto nawa ne, domin da adadin hotunan za a yi muku kuɗi. A ɗauki kowane ambulan da waya a baje, wannan ita ce shaidarku in wani abu ya ɓata.

Kafin a kai, a zauna da dattawan gida. Inna, Gwaggo, Kawu, duk wanda ya san fuskokin. A kunna rikodin na waya ana nuna hoto ana faɗin lambarsa, su kuma suna faɗin wane ne, ina ne, bikin wa. Wannan matakin babu mai sikanin da zai yi muku shi, kuma shi ne wanda lokacinsa ke ƙurewa. In za a yi rubutu a bayan hoto, da fensir za a yi, a gefe, ba tare da dannawa ba. Biro yana huda takarda, tawadarsa kuma tana ratsawa ta shafi hoton da ke ƙasa.

In an rasa shekara, hoton kansa yakan ba da labari. Motoci na tafiya ta hagun titi, to kafin Afrilun 1972 ne. Farashi a allon shago da fam da sule, kafin Janairun 1973, lokacin da naira ta fito. Riga ko tuta mai tambarin FESTAC, 1977 ne ko bayanta. A kuma duba bayan kati, injinan wanki da yawa suna buga wata da shekara.

5. Zaɓen mai aikin

Ba duk shagon da ya rubuta yana sikanin ba ne ke iya wannan aiki. Babban injin fotokofi na takardun makaranta da na kotu an yi shi ne don rubutu. Yana ƙona haske, yana toshe duhu, ba ya kuma iya fim ko kaɗan, domin fim sai haske ya ratsa ta cikinsa. Wuraren da suka dace su ne ɗakunan wankin hoto da har yanzu suke karɓar fim, manyan situdiyo, da masu aikin adana takardun tarihi. Masu ɗaukar hoton biki na unguwarku galibi sun san inda ake kai fim, su za a fara tambaya.

Ku je da ƙafarku, ku ce a nuna muku na'urar. Ga abin da za ku iya tararwa. Akwai sikana mai shimfiɗaɗɗen gilashi da fitila a murfi, irin Epson V600 ko V850. Tana da kyau ga kati da fim mai faɗi, tana kuma taɓukawa a 35mm. Akwai ta fim zalla, irin Plustek OpticFilm ko tsohuwar Nikon Coolscan, da manyan injinan ɗakin wanki, Noritsu da Fuji Frontier, waɗannan sun fi fitar da 35mm da kyau. Akwai mai zuƙar kati ɗaya bayan ɗaya, irin Epson FastFoto, mai sauri da arha, wadda ke iya ɗaukar gaba da baya a zuƙa ɗaya. Wasu kuma kyamara suke kafawa a kan sanda da fitilu, wannan ma hanya ce ingantacciya in mai yin ya ƙware, kuma ita ta fi dacewa da manyan hotuna da masu firam.

Tambayoyin da ba a tsallakewa: a nan shagon ake aikin ko wani wuri ake turawa? Akwai inbata ko janareta, don kada ɗaukewar wuta ta katse aiki fayil ya lalace? Ina ake ajiye kayan mutane da dare, a ƙasa ko a kan kanta? Wa zai ga hotunan?

Gargaɗi: kada a yarda a zura hoto mai yagewa, mai lanƙwasa, ko mai ragowar danƙon albam a na'ura mai zuƙa. Tana iya ƙarasa yaga shi, danƙon kuma yana ɓata gilashinta ya bar dogon layi a duk hotunan da suka biyo baya.

6. Faɗin dpi da irin fayil

Kada a bar wa mai shago wannan zaɓi, domin ƙaramin dpi ya fi masa sauri. Ma'anar dpi ita ce ɗigo nawa na'urar ke ɗauka a kowane inci na hoton.

Katin da aka saba, mai inci 4 da 6, in an ɗauke shi a 300 dpi zai ba da fiksel (ɗigogin da ke haɗa hoto a kwamfuta) 1200 da 1800. Ya isa kallo a waya da sake wanke shi a girmansa na da, ba ƙari. A 600 dpi zai ba da 2400 da 3600, ana iya ninka girmansa, ana kuma iya yanko fuskar mutum ɗaya daga cikin taro. Mu 600 muke ba da shawara ga duk hoton iyali. Ƙananan hotuna irin na fasfo, waɗanda sau da yawa su kaɗai suka rage na kaka ko kakan kaka, a ɗauke su a 1200. Wuce haka a kati ƙarin nauyi ne kawai, takardar ba ta da abin da za ta ƙara bayarwa.

Fim lissafinsa daban ne, saboda ƙanƙantarsa. Hoton 35mm milimita 24 ne da 36. A 300 dpi zai fito fiksel 283 da 425 kacal, ko fuskar waya bai cika ba. Wannan kuskure yana faruwa sosai in mai shago ya bar saitin kati ya ɗora fim. A 2400 dpi ana samun kusan 2270 da 3400, mafi ƙarancin abin da za a karɓa ke nan. A 3200 kusan 3020 da 4530, wanda zai wanku da kyau har inci 10 da 15. A 4000 kusan megafiksel 21, wato fiksel miliyan 21. Fim mai faɗi na 120 ya wadatu da 2400, ɗan siririn 110 kuwa a ba shi iya ƙarfin na'urar.

Ku tambaya ko adadin da aka faɗa na idon na'urar ne na gaske, ko manhaja ce ke kumbura hoton. Kumburarren hoto girma kawai yake ƙarawa, ba ya ƙara tsabta. Sikana masu shimfiɗaɗɗen gilashi ma ba sa kai adadin da ake rubutawa a kwalinsu in an zo kan fim.

Fayil iri biyu za ku nema. TIFF shi ne na ajiya, ba ya zubar da komai. JPEG shi ne na rabawa, yana matse hoton, kuma duk lokacin da aka gyara aka sake adana shi sai ya ƙara raguwa. Kati ɗaya a 600 dpi yana cin kusan MB 26 a TIFF, a JPEG mai kyau kuwa 'yan MB kaɗan. Ke nan kati dubu kusan GB 26 ne. Hoton 35mm a 3200 dpi kusan MB 41 ne a launi mai bit 24 (bit shi ne ma'aunin yawan bayanin launi da fayil ke riƙewa), ya ninka a bit 48, har naɗin fim ɗaya mai hoto 36 ya tasar wa GB 3. In aljihu bai kai a yi wa kowa TIFF ba, a zaɓi muhimman a yi musu, a kuma yi wa waɗanda suka koɗe sosai bit 48, domin shi ke ba mai gyara sararin dawo da launi.

A ce a ɗauki bayan duk katin da ke da rubutu, ko da ajami ne ko hatimin situdiyo, a ba shi lamba ɗaya da gabansa. A kuma bar ɗan gefe kewaye da hoton, kada na'ura ta datse da kanta.

7. Launi, ƙura da fuskokin mutane

Hotunan kala na shekarun 1970 da 1980 suna komawa ja ne saboda rinin shuɗi-kore da ke cikinsu ya riga sauran gushewa. Ana iya gyarawa sosai. Sharaɗin shi ne a ba ku kwafi biyu, wanda ba a taɓa ba da wanda aka gyara, a folda daban-daban.

Hotunanmu suna da wata matsala da saitin kai-tsaye na na'ura ba ya iya mata: baƙar fata cikin farar babbar riga ko farin mayafi, a tsakar rana. In na'urar ta bi rigar, fuska ta toshe. In ta bi fuskar, rigar ta ƙone fari fat, aikin askar da ke ƙirji ya ɓace. Mai aikin kirki da hannu yake daidaitawa har a ga ido da hanci a kuma ga zaren ɗinki. Ku sa irin wannan hoto cikin na gwaji.

Akwai fasahar share ƙura da ƙarzuwa ta hasken infrared, wanda ido ba ya gani, an fi saninta da Digital ICE. Tana aiki da kyau a nagatif mai kala da yawancin silaid. Ba ta aiki a nagatif na baƙi da fari na gargajiya, domin azurfar da ke cikinsa tana tare hasken, sai na'urar ta ɗauki hoton kansa a matsayin datti ta dagula shi. Silaid na Kodachrome ma yakan ba ta wahala, sunan yana rubuce a firam ɗin. Ga waɗannan a kashe ta, a hure ƙurar, a gyara saura da hannu.

Katin da fuskarsa ke da ƙurji-ƙurji yakan fito da farin ɗigo-ɗigo a sikana, kyamara da fitilu ta gefe biyu ta fi masa. Hoton da aka yanko daga jarida ko kalanda kuma sai an kunna saitin da ke narkar da ɗigon ɗab'i.

Gargaɗi mai nauyi: manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke "gyara" tsohuwar fuska ba dawo da ita suke yi ba, ƙirƙiro wata suke yi. Suna sauya ƙirar ido da haƙora, suna goge bille, zube da sauran zanen gado a matsayin ƙarzuwa, suna cike wushirya. Jikoki za su tashi da fuskar da ba ta kakansu ba. In ana so a yi don sha'awa, a yi a kan kwafi, a rubuta a sunan fayil ɗin cewa an gyara.

8. Kuɗi da yarjejeniya

Farashi yana tafiya da canjin dala da kuɗin mai, don haka a karɓo shi a rubuce daga wuri biyu ko uku, da ranar da zai daina aiki. Yadda ake lissafin dai ba ya canzawa: kati kuɗin kowane ɗaya, yana hawa da dpi da girma. Nagatif ko dai kowane hoto ko kowane naɗi, kuma in za a ɗauki naɗin duka, kuɗin naɗi yakan fi sauƙi. Silaid yakan fi kati tsada domin ɗaya-ɗaya ake hure shi ana jerawa. Abubuwan da kan ɓullo daga baya su kumbura kuɗin su ne cire hoto daga albam, ɗaukar baya, TIFF, gyaran hannu, sa wa fayil suna, da abin da za a zuba aikin a ciki. A tambayi kowanne tun farko. Mai kaya da yawa yana da bakin neman ragi, amma a nemi ragin a kuɗi, kada a rage dpi. Araha ba ta ado.

Takardar yarjejeniya ta ƙunshi adadin kowane ambulan, dpi na kowane kashi, irin fayil, ranar gamawa, sake yin duk wanda bai yi ba kyauta, da dawo da kaya a jerinsu. A ba da rabi kafin alƙalami, ciko sai an duba aiki.

A rubuta maganar sirri ƙarara. A cikin kayan akwai hotunan matan gida a cikin ɗaki, na amare, na yara. Ba a yarda a sa ko ɗaya a Instagram ko allon talla ba, kuma a goge su daga kwamfutar shagon bayan wa'adin da kuka ajiye, misali mako biyu da karɓa. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta ba mutum damar neman a goge bayanansa. Hotunan da iyali ba sa so baƙon ido ya gani, a nemi a yi su a gaban ɗan gida, ko a tambaya in akwai ma'aikaciya mace.

9. Gwaji kafin a saki kaya

Ba a sayen kilishi sai an ɗanɗana. A fara da hoto goma zuwa ashirin, a biya kuɗinsu, kuma masu wuya za a zaɓa: jan da ya koɗe, mai farar riga, na fasfo, zirin kala, zirin baƙi da fari, silaid mai duhu. A buɗe su a kwamfuta, ba a waya ba, a zuƙo su har girmansu na ainihi. A duba adadin fiksel a bayanan fayil, a gwada da lissafin mataki na 6. In aka ce 600 dpi aka ga 1200 da 1800 a kati mai inci 4 da 6, to 300 aka yi.

10. Kai kaya

Hannu da hannu ya fi. A jera ambulan a tsaye cikin kwali, a cike gibin da takarda, a sa kwalin cikin babbar leda a ɗaure saboda ruwan sama. Kada a cusa su a bakko, kada a bar su a but ko gaban mota cikin cunkoson Legas, zafin yana lanƙwasa fim ya manne kati. In dole sai ɗan aike mai babur, a yi amfani da kamfanin da ke ba da lambar bibiya, a kuma raba kayan biyu: kati yau, nagatif ɗinsu wata rana, don ko ɗaya ya salwanta ɗaya na nan. Haka ma in 'yan uwa ne za su aiko daga Arewa, a ba amintaccen matafiyi maimakon a jefa a motar tasha. A shagon a ƙirga tare, kowa ya sa hannu.

11. Karɓa da dubawa

Ku je da abin ajiyarku. Filashin jabu da ke nuna GB 128 alhali cikinsa bai kai haka ba yana yawo a kasuwa, kuma sai an cika shi fayiloli ke fara lalacewa. A saya a shagon da ke ba da rasit da garanti, ko a Computer Village ta Ikeja ko wani wuri, a gwada shi da manhajar H2testw kafin a zuba komai. A tsara shi a exFAT don ya buɗu a Windows da Mac.

A ƙirga fayiloli da adadin littafi, a ƙirga kayan asali ma. Sai a bi hotunan ana neman layi mai tsawo, zoben bakan gizo da ke fitowa in fim ya taɓa gilashi, kan da aka datse, da hoton da aka juya. Juyawa tana faruwa in an kifa fim ta baya. Ana gane ta da lambar mota ko rubutun allo da ya koma baibai, da aljihu da aikin babbar riga da suka koma dama maimakon hagun mai ita, ko jama'a suna musafaha da hagu.

Sunan fayil ya fara da shekara, sai wuri, sai abin da ya faru, sai lambar ambulan, kamar 1984_Agege_auren-Yaya_A3_012. A guji ƙ, ɗ da ɓ a sunan fayil, wasu na'urori suna dagula su. Kwanan watan da ke cikin fayil ɗin na ranar sikanin ne, in ba a gyara ba Google Photos zai jera auren 1984 tare da hotunan makon jiya.

Gargaɗi: kada a karɓi aiki ta WhatsApp a matsayin hoto, yana matse shi ya zubar da yawancin abin da kuka biya. In za a tura wa dangi mai kyau, a tura a matsayin dokumen.

12. Ajiya

Kwafi uku, a abu iri biyu, ɗaya a wajen gida. Misali ɗaya a kwamfuta, ɗaya a faifan ajiya na waje da aka ba ɗan uwa a Kano ko Zariya, ɗaya a ma'ajiyar intanet. Google na ba da GB 15 kyauta, amma Gmail da Drive da Photos duk a ciki suke ci, don haka JPEG zai shiga, TIFF kuwa sai an sayi ƙari. Lambar sirrin asusun kada ta tsaya a kan mutum ɗaya. Filashi da faifan CD ba abin dogaro ba ne na shekaru. A riƙa jona faifan ajiyar sau ɗaya ko biyu a shekara ana buɗe wasu hotuna, a kuma sauya shi da sabo bayan 'yan shekaru.

Kayan asali ba a zubar da su. A sa fim a rigar leda ta polypropylene ko polyester, ban da PVC mai warin sabuwar roba. A jera komai cikin robar da murfinta ke rufewa gam, tare da ƙullin silika mai shan danshi, irin mai sauya launi in ya ƙoshi don a san lokacin busar da shi ko sauyawa. Funfuna tana samun wuri ne in danshi ya haura kashi 65 cikin ɗari, ɗan agogon auna danshi a cikin robar zai nuna muku halin da ake ciki. A ɗora robar a saman kanta a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da ƙasa saboda ambaliya da gara, nesa da bangon waje, kicin da banɗaki, kuma ba a akwati ɗaya da kafur, humra ko turaren wuta ba. Fim mai warin binega da masu funfuna a ba su tasu robar daban, a riƙa buɗe ta ana dubawa a farkon damina da ƙarshenta.